Kimiyyar Kwamfuta Ko Adabin Kwatance: Wanne Ya Kamata Ɗalibin Hausa Ya Zaɓa?

1.0 Gabatarwa

 Duk wanda ya leƙa ofishin malamin da ke kula da ajinsu a makon rajista zai tarar da ɗaliban aji biyu da na aji uku sun yi cirko-cirko da fom a hannu, kowa yana tambayar na kusa da shi: "Wane kwas na zaɓi ka ɗauka?" Amsar da aka fi ji kuwa ita ce: "Wanda aka ce ana samun maki." Ni ma haka na yi a lokacina, na kuwa ji jiki.

Ni ba Bahaushe ba ne. Yarabanci na buɗi baki da shi, Hausa kuwa a aji na koye ta, na ƙara da hira da masu sayar da kaya a unguwar Sabo. Yanzu ina ajin ƙarshe, kuma na ɗauki kwas a fannoni biyu da ƙannenmu suka fi tambaya a kansu, wato kimiyyar kwamfuta da adabin kwatance. Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin bayyana abin da ake koyarwa a kowanne, da abin da yake buƙata daga ɗalibi, da kuma amfanin da zai yi wa mai nazarin Hausa, musamman irinmu da Hausa ta zame wa harshe na biyu.

2.0 Lissafin Da Ya Kamata A Fara Yi

Kwasa-kwasan jami'a iri biyu ne: na dole da na zaɓi. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabon tsarin manhajar karatu, inda ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Saboda haka abin da ɗan uwanka ya ɗauka a wata jami'a ba lalle ne a same shi a tamu ba. Littafin jagora na sashe shi ne alƙali, sai a duba shi kafin a saurari jita-jita.

Kada kalmar "zaɓi" ta ruɗe mu. Da zarar ka yi rajistar kwas, makinsa zai shiga lissafin sakamakonka daidai da na dole. Ga misali a tsarin maki biyar da yawancin jami'o'inmu ke bi, inda A ke da maki 5, B maki 4, C maki 3, F kuma sifili. A ce ɗalibi ya yi rajistar yunit 18. A cikinsu yunit 15 na Hausa ne, ya kuma ci B a dukansu, wato 15 sau 4, maki 60 ke nan. Ragowar yunit 3 na kwas ɗin zaɓi ne. In ya ci A, za a ƙara masa 15, a raba 75 da 18, ya tashi da 4.17. In kuwa ya faɗi, 60 za a raba da 18, ya tashi da 3.33. To, digiri mai daraja ta biyu ta sama daga 3.50 yake farawa. Kun ga kwas guda da aka ɗauka don bin aboki ya isa ya ja sakamakon zango ƙasa da wannan iyaka.

3.0 Kimiyyar Kwamfuta

Kuskuren farko da na yi shi ne zaton cewa kimiyyar kwamfuta tana nufin iya buga takarda da shiga intanet. Na ce a raina, ai ni nake buga wa rabin ajinmu aikin gida, wannan kwas banza ta faɗi. Ranar farko malamin ya rubuta lamba 25 a allo, ya ce mu mayar da ita tsarin sifili da ɗaya. Ɗaliban kimiyya suka amsa 11001 kafin in gama buɗe littafi. A gwajin farko ban kai rabin maki ba.

Abin da ake koyarwa a matakin farko yawanci abubuwa huɗu ne: tarihin na'urar da sassanta, yadda take ajiye lambobi da haruffa, algoridim, wato jera matakan warware matsala ɗaya bayan ɗaya ba tare da tsallake ko guda ba, sai rubuta ƙaramar manhaja da wani harshe na kwamfuta. Kalmar algoridim ma daga sunan Alkhawarizmi ta fito, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Mu harshen Python aka koya mana, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991.

3.1 Inda Hausa Ta Shigo

Sai a mako na biyar na gane cewa kwas ɗin ya shafe ni. Ita kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsohon tsarin ASCII alamomi 128 kacal ne, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Shi ya sa masu buga littattafai a da suke amfani da wasu zubin haruffa na musamman, waɗanda in aka kai aikin wata kwamfutar da ba ta da su sai haruffa masu lanƙwasa su rikiɗe su koma wasu alamomi dabam. Tsarin Unicode da aka fara a 1991 shi ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin. A cikinsa lambar b 98 ce, ta ɓ 595. Ta d 100, ta ɗ 599. Ta k 107, ta ƙ 409. Harafin ƴ da ake amfani da shi a Nijar a madadin 'y namu na Nijeriya lambarsa 436.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai son yin ƙamus. Da na umarci manhajata ta jera kalmomi bisa abacada, sai ta bi lambobi. Lambar z 122 ce, don haka ta kai "ƙafa" bayan "zuma", ta kuma sa "ɓera" da "ɗaki" can ƙarshe bayan "ƙafa". Sai da na rubuta mata jerin haruffan Hausa da hannuna, na kuma gaya mata yadda nake so ta ɗauki "sh" da "ts".

Aikin ƙarshen zango da na zaɓa shi ne ƙidaya kalmomin da ke cikin wasu labaran jarida na Hausa. Nan na ci karo da matsaloli uku, waɗanda duk na harshe ne:

(a) Alamar hamza. Manhajar ta ɗauke ta a matsayin iyakar kalma, sai ta raba "sana'a" zuwa "sana" da "a", ta kuma mayar da "'ya'ya" ta zama "ya" sau biyu. Sakamakon haka yawan "a" da "ya" ya kumbura ba gaira ba dalili.

(b) Rashin lanƙwasa. Wasu marubutan ba sa bambanta "kafa" da "ƙafa", ko "kara" da "ƙara", ko "baki" da "baƙi". Manhaja ba ta da hanyar sanin cewa kuskure ne.

(c) Karin sauti da tsawon wasali, waɗanda ba a nuna su a rubutun yau da kullum. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka "fari" na launi, da "fari" na rashin ruwan sama, da "fari" jam'in fara, da "fari" na somawa. Duk ta haɗe su wuri guda. Mu Yarabawa mun san wannan ciwo, domin in aka cire alamun sauti daga kan "igba" ba a sanin ko ƙwarya ake nufi, ko ɗari biyu, ko lokaci, ko gauta.

Abokan karatuna na sashen kimiyya sun fi ni iya rubuta manhaja nesa ba kusa ba, amma ba su ga ko ɗaya daga cikin waɗannan kurakurai ba, domin lambobin da suka fito sun yi musu kyau a ido. Ni da na zauna ajin ilimin furuci da na ƙirar kalma na gano su. Wata riba kuma ta kaina ce: ni da a da nake zuba k da ƙ yadda na ga dama, tun daga wannan aiki na koma duba ƙamus kafin in rubuta.

Fagen nan yana da ma'aikata. A watan Disamba na 2013 Google Translate ya sa Hausa da Yarabanci da Ibo cikin harsunansa. A 2019 aka kafa ƙungiyar Masakhane ta masu binciken sarrafa harsunan Afirka da kwamfuta. A 2022 kuma Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Ibo da Yarabanci da Turancin buroka, waɗanda mutane suka bi ɗaya bayan ɗaya suna tantance na yabo da na suka da na tsaka-tsaki. Irin wannan tantancewa sai wanda ya san habaici da zambo da gatse.

3.2 Abin Da Kwas Ɗin Ke Buƙata

Yana buƙatar rashin tsoron lissafi, da kwamfutar da za ka riƙa gwaji a kanta kusan kullum, domin ba a haddace manhaja kamar yadda ake haddace rabe-raben waƙa. A kuma duba jadawali da kyau. Sa'o'in aikin gwaji na tsangayar kimiyya kan yi karo da darussanmu, kuma babu wanda zai ɗaga maka lokaci. Sannan kada mu yaudari kanmu: kwas ɗaya ko biyu ba za su mayar da kowa injiniyan manhaja ba. Ƙofa suke buɗewa, shiga kuwa sai da ƙoƙarin kai.

4.0 Adabin Kwatance

Adabin kwatance shi ne nazarin ayyukan adabi na harsuna ko al'ummu biyu ko fiye a gefen juna, domin a ga inda suka haɗu, da inda suka rabu, da kuma dalili. A Turai fannin ya kafu a ƙarni na 19, kuma akan danganta wani ɓangare na tunaninsa da Goethe, marubucin Jamus wanda ya yi maganar "adabin duniya" a 1827. Hanyoyin nazarinsa da aka fi koyarwa guda uku ne: bin sawun tasiri, wato wa ya ara daga wa, kwatanta jigo ko zubi tsakanin ayyukan da ba su san juna ba, sai nazarin fassara da baddala labari.

Rubutaccen ƙagaggen labari na Hausa tun ranar haihuwarsa yake kira a yi masa irin wannan nazari. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 a Hukumar Fassara ta Zariya ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Bari in kawo misalai uku.

Na farko na tasiri ne. A littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, aku ne yake ba Musa ɗan sarki labarai da dare domin ya hana shi fita ya faɗa tarkon mugun waziri. Masana sun daɗe da nuna cewa Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan uwan nan Grimm, da wasu wurare. Shi kansa zubin aku mai hana fita da labari akwai shi a tsohon littafin Indiya mai suna Shukasaptati, da ɗan uwansa na Farisa, Tutinama, sai dai a can matar aure ce akun yake tsarewa don kada ta fita wajen wani namiji alhali mijinta ya yi tafiya. Malaminmu ya ja mana kunne cewa gano tushe rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne tambayar me marubucin ya canza. Da aka cire matar aure aka sa ɗan sarki, aka cire sha'awa aka sa makircin fada, sai labarin ya tashi daga batun amanar aure ya koma batun tarbiyyar mai jiran gado, ya kuma dace da littafin da yara za su karanta a makaranta.

Na biyu shi ne wanda na rubuta takardata a kansa. Na ajiye Ruwan Bagaja kusa da Ogboju Ode Ninu Igbo Irunmale na D. O. Fagunwa, wanda ya fito a 1938, Wole Soyinka kuma ya fassara shi zuwa Turanci a 1968. Dukansu labarin tafiya ne, kuma a dukansu gwarzon da kansa ne yake ba wani labarin abin da ya gani bayan ya dawo: Alhaji Imam yana ba Koje Sarkin Labari, Akara-ogun kuma yana faɗa wa marubuci yana rubutawa. Amma duniyar da suka ratsa ba ɗaya ba ce. Alhaji Imam galibi gari-gari yake bi, yana shiga kasuwa da fada da gaban alƙali, makaminsa wayo ne, abokin karawarsa kuwa mutum ne irinsa, Malam Zurƙe. Akara-ogun maharbi ne, fagensa ƙungurmin daji mai cike da iskokai, makaminsa bindiga da asiri. Ɗaya ya fito daga al'ummar fatake da almajirai masu yawon neman sani, ɗayan daga al'ummar da take girmama maharbi. Ban taɓa lura da yadda Ruwan Bagaja yake littafin birane ba sai da na ajiye shi kusa da littafin daji.

Na uku na ba 'yan uwana masu jin Ibo kyauta. Omenuko na Pita Nwana sa'an littattafan Zariya ne, domin shi ma a 1933 ya ci wata gasa. A cikinsa ɗan kasuwa ne ya yi asarar kayansa a kogi, ya sayar da yaran da ke ƙarƙashinsa bayi, daga baya ya shiga neman fansar su. A Shaihu Umar kuwa yaron da aka sace aka ƙetara da shi hamada ne yake ba da labari, ga kuma uwar da ta bi sawunsa. Ga littattafai biyu na zamani ɗaya a kan bauta, ɗaya ta bakin labarin mai sayarwa, ɗaya ta bakin wanda aka raba da gida. Wannan kaɗai ya isa kundin digiri.

4.1 Abin Da Kwas Ɗin Ke Buƙata

Masu cewa wannan kwas sauƙi gare shi ba su ga jerin littattafansa ba. Akwai karatu mai yawa, da ra'o'in nazari waɗanda yawancinsu da Turanci aka rubuta su, mai nauyi kuwa. Ramin da ɗalibai suka fi faɗawa shi ne su zana layi a tsakiyar takarda, su jera kamanci a dama, bambanci a hagu, su ce sun gama. Takardata ta farko haka ta dawo mini, da tambaya ɗaya da jan biro a ƙasanta: "To, sai me?"

Sai dai a nan mu ne ke da jari. Sharaɗin fannin shi ne a karanta kowane aiki cikin harshensa na asali gwargwadon hali. Ɗalibin da ya tashi da labarin Ijapa, kunkurun Yarabawa, ko Mbe na Ibo, sannan ya zo ya karanta tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, ya riga ya fara kwatance tun kafin a koya masa sunan abin. A sauran kwasa-kwasai harshen uwarmu kan zame mana cikas, yana shiga furucinmu, yana rikita mana jinsin namiji da na mace. A wannan kwas kuwa shi ne rabin kayan aiki.

5.0 To, Wanne Za A Ɗauka?

Ga tambayoyi biyar da nake ganin ya kamata ɗalibi ya amsa kafin ya sa hannu a fom:

(i) A wane ɓangare nake son rubuta kundina, harshe ko adabi ko al'ada? Mai son ƙamus, ko ƙirar kalma, ko fassara, kwamfuta za ta fi yi masa rana. Mai son zube, ko waƙa, ko wasan kwaikwayo, ya nufi adabin kwatance.

(ii) Shin kwas ɗin yana da wani na share fage da ba a shiga sai an ci shi?

(iii) Yunit nawa ne, kuma sakamakona zai iya jure C ko abin da bai kai ba?

(iv) Lokacinsa ya yi karo da wani kwas na dole?

(v) Na ga takardun jarrabawarsa na baya, na kuma yi magana da wanda ya zauna ajin da kansa?

Ra'ayina shi ne, wanda dokar sashe da sakamakonsa suka ba shi dama ya ɗauki duka biyun, amma ba a zango ɗaya ba. Ya fara da kwamfuta a aji biyu, lokacin da akwai sauran zanguna na gyara in an yi tuntuɓe, ya bar adabin kwatance zuwa aji uku, lokacin da Hausarsa ta nuna har zai iya karanta Imam ba tare da ƙamus a cinya ba. Wanda kuwa gurbi ɗaya gare shi, kuma sakamakonsa yana bakin iyaka, ya ɗauki adabin kwatance, ya koyi Python a lokacin hutu. Darussan kwamfuta na kyauta sun cika intanet, amma malamin da zai zauna ya karanta Fagunwa da Imam tare da kai ba ko'ina ake samunsa ba.

6.0 Kammalawa

A wannan takarda an yi bayanin yadda kwas na zaɓi ke shafar sakamako, an kuma duba abin da kowanne daga cikin fannonin biyu ya ƙunsa da abin da yake nema daga ɗalibi. Ni dai C na samu a kwamfuta, na samu A a adabin kwatance, kuma kundin da nake rubutawa yanzu da duka biyun nake aiki: ina ƙidaya kalmomin aro na Larabci a wasu labaran Imam da ƙaramar manhajar nan tawa, wadda yanzu ta daina raba "sana'a" gida biyu. Duk mai son ganin yadda take aiki ya neme ni a ɗakin karatu na sashe bayan darasin ranar Laraba. Inda kuma aka ga Hausata ta karkace, a yi mini gyara, ɗan koyo ne ya rubuta. Allah ya ba mu sa'a a wannan zango.